DARASI DOMIN TARON ƘUNGIYA: GARANTI DA GYARAN INJIN YANKAN CIYAWA

Manufar darasi

'Yan'uwa manoma, a wannan wata za mu yi magana a kan garantin inji. Ƙungiyoyi da dama su kan tara kuɗi su sayi injin yankan ciyawa domin gyaran harabar majami'a da filin makaranta da kewayen ɗakin shan magani, su kuma ba da shi haya a cikin gari. Kuɗin nan gumin mutane da yawa ne. Akwai na gwauruwa a ciki, akwai na saurayin da ya sayar da buhun masararsa. In inji ya tsaya bayan 'yan makonni, kuma mai kanti ya ce ba ruwansa, hasara biyu ce. Kuɗi ya tafi, zargi kuma ya shigo tsakanin 'yan ƙungiya.

Abin da darasin nan ya ke so ya nuna shi ne, tun ranar saye a ke samun garanti, tun ranar kuma a ke rasa shi. Ran da inji ya lalace, lokacin shiri ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za mu faɗa ya shafi injin ban ruwa da injin niƙa da ƙaramin janareta ma, gama ƙaramin injin fetur da ke motsa su duka kusan iri ɗaya ne. Magatakarda ya karanta darasin a hankali, sashe sashe, a tsaya a yi tambaya.

1. Mene ne garanti?

Garanti alkawari ne a rubuce. Kamfanin da ya ƙera inji ya na cewa, in inji ya lalace cikin wa'adi kaza saboda kuskuren ƙira ko rashin ingancin ƙarfe, zai gyara ko ya sake abin da ya lalace, ba za ku biya ko kwabo ba. Ku lura da abu uku a cikin wannan magana. Akwai wa'adi. Akwai irin ɓarnar da a ka yarda a ɗauka. Akwai kuma wurin da za a kai gyara, watau wajen wakilin da kamfani ya amince da shi.

Abu na huɗu shi ne, sau da yawa injin yankan ciyawa ya na da garanti biyu. Kamfani ɗaya ya ƙera gangar jikin, watau kwanon da ke rufe wuƙa, da ƙafafu, da mariƙi. Wani kamfani dabam ya ƙera injin da ke zaune a bisa. Kamfanin Briggs & Stratton na Amurka, wanda a ka kafa a 1908 a birnin Milwaukee, ya daɗe ya na sayar wa maƙera dabam dabam injinsa, su ɗora a kan gangar jikin da su ka yi. Saboda haka in ƙafa ta karye, mai gangar jiki za ku nema. In fistin ya kama, mai inji za ku nema. Ku tambayi mai kanti takardun biyu.

Maganar baki ba garanti ba ce. Mai kanti ya kan ce, "Ku je kawai, in ya yi wani abu ku dawo da shi." Watakila da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ran da ku ka dawo, za ku iya tarar da yaronsa ne a kanti, shi kuwa bai ji wannan magana ba.

2. Ɓarna iri biyu

Makaniken kamfani, in an kai masa inji, tambaya ɗaya ce a ransa: laifin maƙera ne, ko na masu aiki da inji?

Laifin maƙera ya kan nuna kansa da wuri. Misali, inji sabo ya na yoyon baƙin mai daga mahaɗin ƙarfe, ko wuta ba ta zuwa ga fulogi ko kaɗan, ko wani ƙarfe ya tsage ba tare da an buge shi ba. Irin wannan garanti ya ke ɗauka.

Ga waɗanda takardun garanti su kan ce ba su ɗauka ba:

(a) Wuƙa ta bugi dutse ko kututture, karanshaf ya tanƙware. Karanshaf shi ne sandar ƙarfe da ke saukowa daga cikin inji, wadda a ke ɗaura wa wuƙa. In ya tanƙware, inji ya kan yi ta jijjiga har notuna su kwance.

(b) Inji ya buga saboda ƙarancin baƙin mai, ko saboda an bar tsohon mai ya yi datti.

(c) Ƙura ta shiga ciki ta cinye ringi da fistin, domin ba a kula da matacin iska ba.

(d) Kafireto ya toshe saboda tsohon fetur ko gurɓataccen fetur.

(e) Inji ya yi zafi ya wuce kima, domin busasshiyar ciyawa ta cika tsakanin haƙarƙarin ƙarfe da ke sanyaya shi.

(f) An sa masa kayan gyara na jabu, ko wani wanda ba wakilin kamfani ba ya taɓa shi ya ɓata.

(g) Abubuwan da ke cinyewa da aiki, kamar fulogi, da matacin iska, da igiyar tayarwa, da kaifin wuƙa.

Ku sake duba (a) da (c) da (d). Su ne su ka fi samun injinan da ke hannunmu. An ƙera injin nan domin filayen ciyawa masu laushi, waɗanda a ka daidaita, a ka tsince duwatsunsu. Filin majami'armu kuwa akwai marmara, akwai suri, akwai turke da a ka ɗaure akuya a ka manta. Da rani ga ƙurar hunturu. Fetur kuma sau da yawa a kwalba mu ke sayensa a bakin hanya. Ko na gidan mai ma ba kullum ya ke da kyau ba. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur Nijeriya wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa, hukuma ta tabbatar da haka, masu motoci da dama kuma su ka koka da lalacewar injinansu.

Makanike ba ya bukatar ku faɗa masa abin da ya faru. Ƙarfe ya na ba da shaida. A ƙarƙashin murfin inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, wanda wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai taushi ya ke riƙe da shi a kan karanshaf. An yi shi da taushi da gangan, domin in wuƙa ta bugi abu mai ƙarfi, shi ne zai fara yankewa. Da makanike ya gan shi a yanke, ya san an bugi dutse. Haka nan in ya ga ƙarfen ciki ya ƙone ya sake launi, ya san mai ne ya ƙare. Domin haka ku faɗi gaskiya. Bai dace ƙungiyar da ke taro a ɗakin sujada ta je kanti ta yi ƙarya ba. Ban da haka ma, wanda a ka kama da ƙarya sau ɗaya, ran da ya zo da gaskiyarsa ba za a saurare shi ba.

3. Aikin gida da aikin haya

Wannan sashe shi ne zuciyar darasin, a karanta shi sau biyu.

Kamfanoni su kan raba masu saye kashi biyu. Akwai mai aikin gida, watau mutumin da ke yanka ciyawar gidansa kaɗai. Akwai mai aikin kasuwanci, watau wanda ke ba da inji haya, ko ya ke yi wa mutane aiki a biya shi. Wa'adinsu ba ɗaya ba ne. A takardun da Briggs & Stratton ya fitar tare da yawancin ƙananan injinansa na yankan ciyawa, mai aikin gida ya na da shekara 2, mai aikin kasuwanci kuwa wata 3 kaɗai, watau kwana 90. Takardun sun ce duk aikin da ba na gidan mai saye ba, a lissafin kasuwanci ya ke. Sun kuma ce in inji ya shiga aikin kasuwanci ko sau ɗaya, ya zama na kasuwanci ke nan har ƙarshe. Sharuɗɗan nan su kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, daga inji zuwa inji, kamfani kuma ya kan sake su. Takardar da ke cikin kwalinku ita ce za ku bi.

To, ina injin ƙungiya ya faɗa? Yau ya na filin majami'a, gobe ya na makaranta, jibi an ba da shi haya. Ba aikin gida ba ke nan. Saboda haka in kun ga an rubuta shekara 2 da manyan baƙaƙe a jikin kwali, kada ku saki jiki. Ku nemi ƙananan baƙaƙen. Mai yiwuwa ne naku wata 3 ne.

Yanzu ku yi lissafi. Yaushe kuɗi ya ke shiga hannun ƙungiya? Da kaka, bayan an sayar da amfani. A ce kun sayi inji a tsakiyar Disamba, kun ajiye shi a ɗakin ajiya, gama ba ciyawar da za a yanka. Kwana 90 za su cika a tsakiyar Maris. A lokacin nan ruwa bai zauna ba tukuna. Kafin ciyawa ta tashi ku tayar da inji a karo na fari, garantinku ya riga ya mutu a cikin kwali. In akwai kuskuren ƙira, za ku gan shi a lokacin da ba mai ɗaukar muku.

Wa'adi daga ranar saye ya ke soma ƙirga, ba ya jiran ranar da ku ka fara aiki. Domin haka shawarata ita ce, ku ajiye kuɗin a asusun ƙungiya, ku sayi injin yankan ciyawa a farkon damina, lokacin da zai shiga aiki nan da nan. Injin ban ruwa kuwa ku saye shi a bakin fara aikin fadama. In tsoron tashin farashi ya sa tilas ku saya da wuri, kada ku bar shi a kwali. Ku haɗa shi, ku zuba masa mai, ku riƙa tayar da shi ya yi gudu, ku na saurare, ku na duba yoyo. In na ban ruwa ne, ku cika cikinsa da ruwa kafin ku tayar, gama in ya yi gudu a bushe, abin da ke tare ruwa a cikinsa zai ƙone.

4. Ranar saye

Kada mutum ɗaya ya tafi saye. Ku aiki uku: ma'aji, da wanda zai riƙa aiki da injin, da wani mai iya karatun Turanci. Kafin ma'aji ya buɗe jaka, a yi wa mai kanti tambayoyin nan:

Kai wakilin kamfanin ne, ko ka saro ne kawai?
Garantin nan ya na aiki a ƙasar nan? Wata nawa ne ga mai ba da haya?
In ya lalace, a wane gari, a wane gareji za mu kai?
Ka na da wuƙa da matacin iska da kafireto na wannan inji? Nuna mana.

Tambaya ta ƙarshe ta fi duka nauyi ga mutanen karkara. Inji mai garantin shekara biyu wanda ba a samun kayansa sai an aika ƙasar waje, bai kai wanda a ke samun kayansa a kasuwar Jos ko Kaduna ko Kano amfani ba. Araha ba ta ado, tsada ma ba ita ce shaidar kirki ba. A kasuwa akwai injina da yawa da a ka ƙera a ƙasar Sin bisa fasalin Honda GX160, a kan ga an rubuta 168F a jikin waɗansunsu. Su na aiki, kayansu kuma ba su da wuyar samu. Amma ba Honda ba ne, kamfanin Honda ba zai ɗauki gyaransu ba ko da fentinsu ja ne. Ku san abin da ku ke saye. Injin hannu kuwa, watau wanda wani ya riga ya yi aiki da shi, ku ɗauka ba shi da garanti sai abin da mai sayarwa ya rubuta muku.

In kun yarda, a rubuta rasit. A tabbata akwai waɗannan a cikinsa: sunan kanti da adireshinsa, kwanan wata, sunan ƙungiya, sunan inji, lambobin inji, kuɗin da a ka biya, wa'adin garanti, da sa hannu ko hatimi. A rubuta sunan ƙungiya, kada a rubuta na shugaba, gama shugabanci ya kan sake hannu.

Lambobin inji a jikin ƙarfe a ke buga su. A injin Briggs & Stratton za ku ga jeri uku, an rubuta MODEL da TYPE da CODE. Jeri na uku ya na faɗin ranar ƙira: lamba biyu na fari shekara, biyu na biye wata, biyu na biye rana. In ya soma da 230415, an ƙera shi ran 15 ga Afrilu 2023. Sanin wannan ya na da amfani, domin takardar kamfanin ta ce in ba ku kawo shaidar ranar saye ba, daga ranar ƙira za a ƙirga wa'adi. Injin da ya yi shekara a jirgin ruwa da ɗakin ajiya da kanti, in rasit ya ɓace, garantinsa ya ƙare tun kafin ku gan shi.

A gwada inji a gaban mai kanti. Sabbin injina da yawa su kan zo ba mai a cikinsu, sai an zuba. Ku ja sandar awon mai ku gani da idonku kafin kowa ya ja igiya.

Da kun koma gida, a yi hoton rasit da takardar garanti da lambobin inji a waya, a kuma yi kwafi biyu. Na asali ya zauna wajen ma'aji cikin leda, a cikin akwatin ƙarfe, saboda gara da ɓera. Waɗansu rasitai na inji rubutunsu ya kan goge da zafi cikin 'yan watanni, kwafi ne zai cece ku.

5. Mai kula ɗaya, littafi ɗaya

Kayan kowa da kowa ba shi da mai duba masa mai. Ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya da mataimakinsa. Su kaɗai za su tayar da inji. In an ba da haya, mai kula ya tafi tare da shi ya yi aikin da kansa. A yanka masa ladansa a fili, kowa ya sani.

A saya masa littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ja layi: kwanan wata, inda a ka yi aiki, awa nawa, fetur nawa, an duba mai ko ba a duba ba, abin da a ka gyara. Littafin nan shi ne mai shaidarku a gaban wakilin kamfani, shi ne kuma mai shaidar mai kula a gaban ƙungiya.

Littafin da ya zo da inji ya na faɗin lokacin juye. A yawancin ƙananan injinan yankan ciyawa na Briggs & Stratton, juyen fari bayan awa 5 ne, sa'an nan kowace awa 50 ko sau ɗaya a shekara. Cikinsu ya na ɗaukar wajen rabin lita, mai kuma irin SAE 30 ya dace da zafin ƙasarmu. Honda GX160 ya na ɗaukar wajen lita 0.6, juyensa na fari bayan awa 20 ko wata ɗaya, sa'an nan kowace awa 100 ko wata 6. Kada a cika mai ya wuce alama, gama yawansa ma ɓarna ne. A ajiye rasit na kowane galan da a ka saya.

Ga aikin mai kula kowace rana:

Ya duba mai kafin ya tayar, inji ya na tsaye a wuri mai daidai.
Ya duba matacin iska. A wurin ƙura, kada ya jira awoyin da littafi ya faɗa. Na soso a kan wanke, na takarda a kan kakkaɓe ko a sake, ba a wanke shi.
Ya zagaya fili da ƙafa tukuna, ya tsince duwatsu da waya da turaku, ya kori yara nesa.
In ciyawa ta yi tsawo, irin gamba da kyasuwa, a fara sare ta da langalanga. Inji na gajeriyar ciyawa ne.
Ya tace fetur kafin ya zuba, kada kuma ya zuba inji ya na da zafi.
Bayan aiki ya share ciyawa daga jikin inji.

Fetur ya kan soma lalacewa in ya wuce wajen kwana 30 a tanki, ya bar wani ƙaro mai toshe kafireto. In damina ta ƙare, a juye tanki, a tayar da inji ya ci saura har ya mutu da kansa, kāna a ajiye.

Gargaɗi: kafin hannu ya je kusa da wuƙa, a cire wayar fulogi. In an juya wuƙa da hannu inji zai iya tashi. In za a karkata shi a duba ƙarƙashi, gefen matacin iska ya dubi sama, don kada mai ya malala cikinsa.

6. Ran da inji ya tsaya

Na fari, a daina jan igiya. Na biyu, mai kula ya duba abubuwan da littafin inji ya yardar masa: akwai fetur? famfon fetur a buɗe ya ke? akwai mai? wayar fulogi ta zauna? mataci ya toshe? Injina da yawa irin GX160 su na da na'urar da ke kashe su in mai ya yi ƙasa. Sau da yawa abin da a ke tsammani babbar ɓarna ce, ɗan ƙarin mai ne maganinta.

In duk an duba bai tashi ba, kuma wa'adi bai ƙare ba, to, kada kowa ya sa masa sufana. Makaniken babur na ƙauyenmu ya san aikinsa, ba raina shi mu ke yi ba. Amma da ya buɗe cikin inji, wakilin kamfani zai ce ba zai iya sanin laifin wa ba ne, ya sallame ku.

A rubuta a littafi abin da ya faru tun ba a manta ba: wace rana, wane irin ƙara, hayaƙi fari ne ko baƙi ko shuɗi. A buga wa mai kanti waya a ranar, a kai inji cikin makon. Ku sani kuɗin mota na kai da kawowa yawanci a kanku ya ke a ƙarƙashin garantin kamfani. Ku tafi da wasiƙa irin wannan, kwafi biyu:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Mu ne ƙungiyar manoma ta ........ Mun sayi injin yankan ciyawa a kantinka ran ........, lambar rasit ........, lambar inji ........ Ya yi aikin awa ........, an yi masa juye ran ........ Ran ........ ya tsaya, ga kuma abin da mu ka gani: ........ Ba wanda ya buɗe shi. Mu na roƙo a gyara shi bisa ga garanti, a kuma sanar da mu ranar karɓa. In an ga gyaran na biya ne, kada a taɓa sai an faɗa mana kuɗin mun yarda. Mun gode."

Mai kanti ya sa hannu a kwafi ɗaya ya ba ku. Wannan ita ce shaidar cewa inji ya na hannunsa, ita ce kuma shaidar cewa kun kawo ƙara kafin wa'adi ya cika. Kada ku bar masa rasit na asali. Ranar karɓa, a tayar da inji a gabanku, a duba lamba ko ta yi daidai, a rubuta muku abin da a ka sake.

In ya ce laifinku ne, ku ce ya nuna muku ƙarfen da ya lalace, ya bayyana dalili. In gaskiyarsa ce, ku karɓa.

7. In mai kanti ya ƙi

Ban da garantin kamfani, akwai dokar ƙasa. A Nijeriya akwai dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda a ka sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar tarayya da a ke kira FCCPC, wadda ta maye gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Sashe na 132 na dokar ya ba mai saye dama, cikin wata 3 daga ranar da ya karɓi kaya, ya mayar wa wanda ya sayar masa in kayan ba su da ingancin da ya kamata. Mai sayarwa kuma sai ya gyara, ko ya sake, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da a ke yi a gindin rasit, cewa kaya in sun fita ba a dawo da su, ba ya soke wannan haƙƙi in kayan masu aibi ne. Amma dokar ba ta ɗauke muku ɓarnar da ku ka yi da hannunku ba. Ku lura, nan ma wata 3 ne. Maganar lokacin saye ta sake dawowa ke nan.

Ku bi mataki mataki. Ku fara da magana mai daɗi, shugaba da wani dattijo su je. In ba a daidaita ba, ku kai wa shugabannin 'yan kasuwar wurin, gama su kan sasanta irin wannan. In ya faskara, ku rubuta wa babban wakilin kamfani, sa'an nan hukumar FCCPC, ku haɗa da kwafin rasit da wasiƙa da shafin littafi. A kowane mataki takarda za a tambaye ku. Fushi da ɗaga murya ba su tsaya a madadinta ba.

8. Bayan garanti ya ƙare

Garanti na 'yan watanni ne, inji kuwa mu na so ya yi shekaru. Tun daga hayar fari a buɗe asusun gyara. Ina ba da shawara, cikin kowace naira goma da inji ya samo bayan an cire fetur da ladan mai kula, a ware uku domin mai da kayan gyara, a ware biyu domin sayen sabo wata rana. Kada a ranci kuɗin nan domin biki ko taki.

Yanzu ne lokacin makaniken gida. Ku zaɓi guda ɗaya ku riƙe shi. Ya faɗi kuɗin gyara kafin ya fara, ya kuma mayar muku da tsohon abin da ya cire. Ku ajiye fulogi, da mataci, da igiya, da wuƙa guda, tun kafin damina. In gyara ɗaya zai ci fiye da rabin kuɗin sabon inji, a kawo maganar gaban taro kafin a biya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne injina ƙungiyarmu ta ke da su? Ina rasit na kowanne a yau?
2. Injinmu na aikin gida ne ko na kasuwanci? Yaushe wa'adinsa zai ƙare?
3. A wane wata ya kamata mu sayi injin yankan ciyawa? Na ban ruwa fa? Don me?
4. In ɗan ƙungiya ya ɓata inji da ganganci, wa zai biya? In tsautsayi ne fa? Mun rubuta wannan a dokarmu?
5. In babban mutum a gari ya ce a ba shi aron inji ba tare da mai kula ba, me za mu ce masa?

Aikin wannan wata

Ma'aji ya kawo takardun kowane inji gaban taro. Magatakarda ya kwafe lambobi da ranar ƙarewar garanti a shafin fari na littafin ƙungiya. A zaɓi mai kula da mataimakinsa, a ba su littafi da biro. Ƙungiyar da ke shirin saye ta rubuta tambayoyi huɗun nan na sashe na 4 a takarda, ta ba waɗanda za ta aika. In na zo zagaye, littafin inji zan fara tambaya.

Sai mun sadu a darasi na gaba. Ku huta lafiya.